Abin Da Na Ɓoye A Kwalin Caja

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, wani lokaci har lambar wayata sai na tambaya. Amma abin da na yi wa ɗana a Dubai a shekarar 2018, wannan kam da shi za a kai ni makwancina.

Ni ɗan kasuwa ne, bokona bai wuce firamare ba. Kayan waya nake saye ina turawa Kano a kwantena. Ina da ɗan sito a Al Qusais, ina kwana a gidan haya a Al Nahda. Iyalina suna gida, babban ɗana ne kaɗai ya biyo ni bayan ya gama jami'a, ya samu aikin albashi a wani kamfanin jigilar kaya. Ɗan fari ne, ni kuma mutumin da ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na zaman hira da shi. "Kai" nake cewa, ya ce "Na'am, Baba." Gida ɗaya muke, amma sai mu yi kwana uku maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. A lokacin ina ganin tarbiyya ce.

Na san yana da lalura tun yana makaranta. Sai ya yi makonni kamar an zare masa laka, ko abinci ba ya so. Can kuma sai ya tashi da ƙarfi, surutu ba tsayawa, barci ya ƙaurace masa. Uwarsa ce ta riƙe sunan ciwon, wai baifola. Ni dai "yanayinsa" nake cewa, in wuce.

Wata Juma'a bayan la'asar na shigo gida tare da wani abokina, ɗan kasuwa ne shi ma, mutumin kirki amma bakinsa ba ya riƙe magana. Muka tarar da yaron a falo, ya ɗaura wani abu kamar maɗauri a ka. Soso biyu jiƙaƙƙu a goshinsa, wayoyi sun sauko zuwa wani ɗan akwati a cinyarsa. Abokina ya tsaya ya kalle shi, ya fashe da dariya.

"Habibi, wace tasha kake kamawa? In ka kamo Kano ka ji mana farashin dala."

Yaron ya yi murmushin yaƙe. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan baƙon ya tafi, yaron da kansa ya same ni ya durƙusa.

"Baba, ba irin wutar da kake zato ba ce. Ƙaramin batir ne, ɗan ƙaiƙayi kawai nake ji a goshi. Na'ura ce, asibiti suka ba ni aro. Likita ta ce ana gwada ta ne a kan masu irin ciwona da barci ke gagara, tare da magani. Minti ashirin a rana. Tun da na fara ina samun barci. Ni in barcina ya lalace, komai nawa ya lalace."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Abin da na ce kawai shi ne, "Khalas, shi ke nan, na ji."

Ban ji ba. Abin da ke kaina shi ne bakin abokina. Mu 'yan kasuwar Kano a Dubai tamkar unguwa ɗaya muke, abin da aka faɗa a sito da safe, kafin magariba ya isa kasuwa a gida. Na hango ana cewa ɗan Alhaji ya taɓu, har wuta ake jona masa a ka.

Ranar Litinin da ya tafi aiki na shiga ɗakinsa na ɗauke na'urar. Na yi niyyar jefa ta a shara, amma hannun ɗan kasuwa ba ya iya zubar da abu mai kyau. Sai na tafi da ita sito, na cusa ta a ƙasan wani kwalin caja da za a loda a ranar, na manne shi da salatif, na rubuta alamata a jiki. A raina na ce ƙanena da ke riƙe mini shago a Kano zai ajiye ta wani wuri. Ban ma tuna na gaya masa ba.

Da yamma na ji yaron yana birkita ɗakinsa. Ya fito fuskarsa duk gumi.

"Baba, don Allah ba ka ga na'urar nan ba?"

"Kai da kake yawo da jaka a jirgin ƙasa? Wa ya sani ko can ka baro ta."

A hankali ya ce, "Ƙila haka ne. Kaina ya fara ke nan."

Ɗaukar na'urar laifi ne, amma wannan maganar ta fi shi. Mutumin da dama yake shakkar hankalinsa, na ƙara masa hujja.

Bayan mako biyu ya canza, kuma wallahi murna na yi. Yana tashi daga ofis sai ya zo sito ya kama jera kaya. Ya tsallaka Bur Dubai a kwalekwale yana ciniki da masu yadi, ya dawo da takardu cike da lissafin kasuwancin da za mu buɗe a ƙasashe biyar. In na fito sallar asuba sai in tarar ko kwanciya bai yi ba. Mu a sana'armu wanda ba ya barci shi ne gwarzo. Abokin nan nawa har cewa ya yi, "Alhaji, ashe cajinsa aka yi ranar nan! Yalla, maza a jona mini ni ma." Na yi dariya har da tafawa. Ciwo ne yake cin ɗana a gabana, ni ina kiransa ƙwazo.

Wata Laraba da hantsi aka kira ni daga wurin aikinsa. Ya hau kan tebur yana yi wa shugabanninsa ihu, wai shi zai sayi kamfanin. Kwanansa goma sha shida a asibiti.

A can na fara ganin likitarsa. Ta ce tun da na'urar ta ɓace bai sake zuwa ba, kunya yake ji ya ɓatar da kayan aro, har maganinsa ya ƙare bai je ya karɓo ba. Ta ce ba za ta rantse na'urar ce ta riƙe shi ba, don har yanzu bincike ake a kanta, amma yanke zuwa da yanke magani su suka kayar da shi. "Da ya zo ya faɗa, da wata muka ba shi," in ji ta. Ta tambaye ni ko na san yadda ta ɓace. Na ce ban sani ba.

Aiki ya tafi, biza ta bi shi. Ranar da zai koma Kano, a filin jirgi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yafe mini, na ba ka kunya." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya juya ya tafi.

Gidan ya zama kango. Sai in dafa shayi in ga na ɗauko kofi biyu. Ƙofar ɗakinsa a rufe na bar ta, ina wucewa ta gabanta kamar mai wuce maƙabarta.

Kwantenar nan ta daɗe a tashar jirgin ruwa, sai bayan wata uku ta isa Kano. A lokacin ƙanena ya ja yaron shago don ya rage zaman ɗaki, ya ba shi aikin buɗe kwalaye. Ina zaune ni kaɗai a sito da azahar, ina cin shinkafa a roba, saƙo ya shigo wayata. Hoto ne: na'urar a kan tarin caja, ga alamata da rubutun hannuna a jikin kwalin. A ƙasa yaron ya rubuta, "Baba, ashe ba ni na ɓatar ba."

Ba zagi, ba tambaya. Na kira, bai ɗauka ba. Na yi ta kira har wata guda. Daga baya yakan ɗauka mu gaisa, ya miƙa wa uwarsa. Da annobar korona ta zo aka rufe gari, na yi watanni a gidan nan ni kaɗai, ba abin da nake buɗewa a waya kamar hoton nan.

A 2021 na tattara na dawo gida. Washegari na sami yaron a zaure, na zauna kusa da shi a tabarma, na kira sunansa. Shekararsa talatin da uku, ranar ya fara jin sa a bakina. Na faɗa masa duk abin da na yi, har ƙaryar da na yi wa likita. Da na gama, ya ce, "Wata uku na yi ina tsoron kaina, Baba. Da ka tambaye ni kawai." Ya ce ya yafe. Na yarda, amma har yau in na shigo ɗaki yakan kai hannu ya janyo jakar maganinsa kusa da shi, bai ma san yana yi ba.

Abin da na koya, a makare, shi ne kunyar da ta hana ka tambayi ɗanka inda ke masa ciwo ba tarbiyya ba ce. Kuma abin da ba ka gane ba a maganin wani, tambaya ake yi, ba a ɗauke masa. Yanzu kullum da safe nakan kira shi da sunansa in ce, "Yaya barci?" Sannan in yi shiru in saurari amsar.