Lambar Jikar Mai Ɗori

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, ina roƙonsa ya tsare ni daga ƙari.

A shekarar da mota ta fara shigowa Jega, ranar da masu kasuwa suka bar rumfunansu suka bi ta har bakin gulbi, a shekarar ce aka ɗauke ni aikin lamba. Ban san magani ba. Ina dai da hannun ajami mai kyau, likita Bature da ke zuwa daga Birnin Kebbi kuwa yana neman wanda zai iya rubuta inda ya je. Shi ya koya mini aikin: a ɗan tsaga damtsen mutum da bakin aska, a ɗiga ruwan magani, don kada agana ta kama shi. In lambar ta kama, ƙurji mai ruwa yakan fito, ya bushe, ya bar tabo. In ba ƙurji, an yi wahalar banza.

Muna da ɗakin magani a Jega, ɗaki ɗaya na ƙasa da rumfar zana. Da safe nakan taya malamin asibiti wanke gyambo da naɗe kurkunu a tsinke. Waɗannan da ƙafarsu suke zuwa, don ciwo ya kore su daga gida. Lamba kuwa sai ka bi mutum yana cikin lafiyarsa ka ce ya ba ka hannu ka tsaga. Ruwan maganin ma ba ya son zafi. Nakan naɗe 'yan kwalabensa a jiƙaƙƙen tsumma, in sa cikin tulu, in ɗora wa jaki, in yi ta yayyafa ruwa a hanya, ni da ƙishirwa tulu da sanyi. In na isa Katanga, sai in tarar da tsofaffi da awaki kawai. In na nufi rugagen Maiyama, sai toka da kashin shanu, an tashi tun jiya. Na gaji da wannan aiki tun ban daɗe a cikinsa ba.

Wata rana a fadamar Aliero jakina ya zame a gefen kwamin albasa, na faɗi, ƙafata ta karye ƙasan gwiwa. Masu ban ruwa suka ɗauke ni zuwa gidan wani tsoho mai ɗori. Ya dube ni, ya dubi tulun.

Ya ce, "Kai ne mai tsaga ɗiyan mutane? To, yau ga ka hannuna."

Na ce, "Baba, a yi mini a hankali."

Ya ce, "Kai hankali kaka yi musu?"

Ya yi bisimilla, ya ja ƙafar, na kira sunan Allah da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ya jera kara ya ɗaure. Na zauna a zaurensa har na fara takawa, jikokinsa uku, maza biyu da mace, suna kawo mini fura. Marayu ne, 'ya'yan ɗansa. Da zan tafi na miƙa masa rigata ta sallah. Ya ture.

"Ba a saida ɗori gidanga. Riƙe abinka, Malam. Randa nika son wani abu wurinka, ka ji ni."

Da rani ya zagayo na koma Aliero yin lamba, da dogarin hakimi a bayana. Tsohon ya ja ni gefe.

"Bashina nika so. Ka tsallake gidana."

Ya ba ni dalilinsa. Tun kafin Turawa, wani wanzami ya ɗebi ruwan agana daga jikin majinyaci ya sa wa ƙanen tsohon don kariya, cutar ta tashi masa gaba ɗaya, ya rasu. Na ce wannan ruwa daban ne, ba ya kisa. Ya ce haka wanzamin ma ya ce. Na ce ya nemi kome, ban da wannan. Na yi wa yaran uku lamba ina jin idonsa a ƙeyata.

Ban bar ƙofar gidan ba na ji ƙamshin lemun tsami. A lokacin haka ake yi a ko'ina: da mai lamba ya juya baya, mata su matse lemu a kan tsagar, su goge da toka, maganin ya mutu. Akwai wata mai tallan lemu da ta fi kowa murnar zuwana, har takan tambaye ni garin da zan nufa gobe. Tsohon ya fito ya ce, "Ka yi naka, mun yi namu. Bashi shina nan."

Agana ta shigo da bazara. Ba zan bayyana ta ba, wanda ya gani ba ya bukatar bayani. Labari ya iske ni a Jega cewa ta ɗauke jikokinsa maza duka biyu. Macen ta tsira don tana wurin dangin uwarta a Sarandosa.

Ina wanke gyambo da hantsi sai ga shi a bakin rumfa, ya sauke yarinyar daga jaki. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Bashina na zo amsa. Yi mata."

Ba ni da ko ɗigo. Abin da ya rage zafi ya kashe shi, sabo kuwa sai likita ya biyo, ba wanda ya san rana. Na gaya masa. Ya ce, "Ita kaɗai ta rage mini. Cutar ta kai Maiyama, kusa da dangin uwarta. Ina zan kai ta?"

Sai na tuna da 'yata. Da kwalbar ƙarshe mai kyau na yi mata, ƙurjinta ya cika da ruwa a lokacin. Likita ya taɓa nuna mini cewa ana iya ɗiba daga irin wannan ƙurji a sa wa wani, amma ya ce sai dole ta yi dole, kuma daga yaro mai cikakkiyar lafiya. Na kai su gidana. Maiɗakina ta tare ƙofa.

"Malam, hannun ɗiyata za ka huda saboda baƙo?"

Na nuna mata ƙafar da nake tsaye a kai. Ta kawo 'yarmu, ta kau da kai. Na taɓa ƙurjin da bakin aska, na tsaga damtsen jikar tsohon, na shafa. Na ce ba za su bar gidan nan ba sai na ga abin da Allah ya yi.

Tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da lemun tsami biyu. Ya ce wata gwaggon yarinyar ce ta cusa masa da za su taso. Ya miƙa wa maiɗakina.

"Ungo, uwar gida, ki sa a kunu."

Kwanakin jira sun yi mini nauyi. Ban san ko ruwan zai kama ba, ban kuma san ko cutar ta riga ta shiga jikinta a hanya ba. Shi kuwa yana zaune a zaure da carbi, bayan kowace salla ya kira ta ya ɗaga hannun rigarta. Da fari ba kome. Sai wurin ya yi ja. Sai ta yi ɗan zazzaɓi, ya dube ni, ban iya cin abinci ba ranar. Can bayan mako, da safe, ga ƙurji ya taso, zagayayye, da ɗan rami a tsakiya.

Ya shafa gefensa da yatsa, yadda yake laluben ƙashi.

"Ta kama?"

Na ce, "Ta kama, Baba. Alhamdu lillahi."

Ya daɗe yana kallon hannun, leɓensa na motsi, ina jin yana kiran sunayen yaran nan biyu. Sannan ya tashi ya ɗaura wa jaki akumari, ya ɗora yarinyar. Ya sunkuya ya dafa ƙaurina daidai inda ya ɗora.

"Tana yi maka ciwo da sanyi?"

Na ce tana yi.

Ya ce, "Haka za ta yi ta yi. Amma taka ce yanzu, Malam. Ba ni binka kome."