Attahiru Tsoho, Wa Zai Yi Takawa Yanzu?

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, da hantsi, matata Elizabet ta kira ni daga asibitin mishan inda take aikin jinya. Ba ta yi sallama ba. Cewa kawai ta yi, "Andarawus, Mushe ya cika." Haka Allah ya karɓi abinsa: Attahiru Tsoho na Tamaske, malamin makaranta da muke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, uban ƴan wasan kwaikwayo na ƙasar Adar, abokina.

Attahiru, tun ranar ban iya tsayawa gaban allo ba. Ina shiga aji sai in juyo in fita.

Na fara saninka lokacin da aka tura ni koyarwa Allakaye, ni kaɗai Kirista a garin, ban san kowa ba. Kai ka ɗauki jakata daga bakin kasuwa ka kai ni ɗakin da ke zaurenka. Maiɗakinka Kulu ba ta taɓa dama fura ba tare da ta ware tawa ba. Ran Lahadi kuwa sai ka ɗauko ni a babur ka kai ni sujada a cocin wani gari, ka zauna ƙarƙashin bishiyar bedi har mu tashi. Da ƴata Murna ta taso da i'ina, yara suna yi mata dariya, kai ne ka ba ta matsayin mai shela a wasanka. Ka tsaya bayan labule kana buga mata ƙafa a ƙasa, tana bin bugun, har ta kai ƙarshen maganarta ba ta sarƙe ba.

Abu ɗaya ne muka kasa shiryawa a kansa: Takawa, mutumin nan na tsohon wasan da malamanmu suka koya mana tun muna ɗalibai. Takawa ya yi wa garinsu alkawarin rijiya a kan tudun dutse. Dattawa suka ce babu ruwa a wurin, ya ƙi ji. Ya sayar da bisashensa, ƴaƴansa suka gaji suka watse, ya yi ta haƙa har ya mutu cikin busasshen rami. Kai kake fitowa a Takawa, kuma duk inda ka yi shi, daga Buza har Madawa, mata sai sun share hawaye.

Ni kuwa cewa nake mutumin bai cancanci hawaye ba. Ba sarki ba ne da ya faɗo daga gadon mulki, ba jarumi ba ne da ƙaddara ta kayar. Mai taurin kai ne da aka gaya wa gaskiya ya toshe kunne, ya jefa iyalinsa cikin yunwa. Idan za a yi kuka, a yi wa matarsa.

Sai ka ajiye kofin shayi ka ce, "Mi kake nema ga mutum, rawani? Dubi ƙarshen wasan. Sa'ad da ya ɗaga kai daga cikin ramin, ya san babu ruwa, ya san shi ya kashe gidansa. Wawa ba ya sanin wannan. Wanda ya sani, kuma ba shi da sauran lokacin gyarawa, shi ake yi wa kuka."

Ni kuma in ce marubucin bai rubuta haka ba, kai ne kake ƙara masa da idanunka. Haka muka tsufa muna yi.

Shekarun nan na baya sun yi maka nauyi. Samarin da ka horar duk sun tafi cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya, kaɗan suka dawo. Dandalin da kuka gina da laka damina ta rushe shi. Kana tara yara a yi gwaji, kafin kaka rabinsu sun hau mota. Duk da haka bana ma ka ce sai an yi Takawa kafin hutu. A wurin gwajin ne ka faɗi, ɓarin jikinka ya shanye.

Da na zo duba ka a asibiti, bakinka ya karkace, da ƙyar nake gane maganarka. Ka riƙe hannuna ka ce, "Ya gani, Andarawus. Kahin shi mutu ya gani." Na ce, "To tashi ka nuna mini a dandali, in yarda." Ka yi dariya da rabin fuska. Ba ka tashi ba.

A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa a hankali, "Mutumin kirki ne, sai dai ya ƙarar da ransa ga wasa." Na so in miƙe in amsa masa, na rasa da me. In nuna masa dandalin da ya rushe? In kira ƴan wasan da ke ƙasashen mutane? Kai ne ka iya ba da irin wannan amsa, kuma an riga an rufe ka da ƙasa. Yanzu wa zai hau ya yi Takawa? Wa ya ma haddace shi? Ina tsoron daga kanka an daina, kuma ni da na rage ban taɓa iya wasa ba, gardama kawai na iya.

Ya Ubangiji, ga bawanka Attahiru ya zo gare ka. Ka ji ƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka saka masa alherin da ya yi wa baƙo da ɗan gari.

Kulu, ba ni da abin da zan faɗa miki da zai rage zafin nan. Allah ya ba ki haƙuri, ya tsaya miki. Walid da Hafsa, babanku ya riƙe ni kamar ɗan'uwansa na ciki ɗaya, ƙofata taku ce muddin ina numfashi. Ga dangi na Tamaske da ɗalibansa duk inda labarin ya same su, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ji ƙan Mushe Attahiru. Amin.