Wa Ke Auna Iskar?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Lawal Ma'auni na Rawayau, kuma har yau in na ji an ce za a sa wa wani barci a yi mashi aiki, sai in ji gabana ya faɗi.

Baba ma'aunin hatsi ne. Kasuwar Kuki da ta Karofi duk sun san shi. Ya san yadda ake danne gindin tiya, ya san yadda babban yatsa ke sace gero mai saye na kallo. Shi ya sa bai taɓa yarda da awon da bai gani da idonshi ba. Ko iyayenmu mata in za su fid da tsaba, yana tsaye.

Ciwon ƙaba ya daɗe yana damun shi. Da ya yi tsanani muka kai shi wani asibiti, likita ya duba ya ce aiki za a yi, kuma ba babba ba ne. Ya ce yanayin ciwon sai an sa shi barci gaba ɗaya: za a kifa mashi wani abin roba a hanci da baki, ya shaƙi iska, ba zai ji komai ba sai ya farka.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Likita, iskar nan, wa ke auna ta? Da wace tiya?"

Na ji wata ma'aikaciya ta ƙunshe dariya. Ni ban yi ba, don na san ba wasa yake ba. A tsakar asibitin ya faɗa mani abin da ke cin shi. Ba wuƙar yake tsoro ba. Tsoronshi ajali ya same shi hankali ba ya jikinshi, bakinshi rufe da roba, ba kalmar shahada. Ya ce zai yarda in za a bar ɗayanmu ya tsaya a kanshi yana maimaita mashi ita a kunne. Aka ce dangi ba sa shiga ɗakin tiyata. Magana ta ƙare nan. Baba ya sa hularshi ya ce a nemo babur.

Da damina ta tsaya ciwon ya murɗe shi a gona. Muka ɗora shi bisa babur, kafin mu kai bakin titi ya cika, yana jingine da ƙirjin yayana. Ya yi kalmar, mun ji da kunnenmu. Mutane suka ce ya samu abin da yake so. Ni kuwa haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji haushi ba: iskar, ko masu dariya, ko taurin kan Baba.

Bara sai ga irin ciwon a jikin ɗana, wanda ya ci sunan Baba, muna ce mashi Abba. Shekararshi biyar. Likita a Dutsin-Ma ya ce aiki. Na yi ta kwana-kwana, yau in ce sai an gama girbi, gobe in ce bari a gwada na gida. Uwarshi ce ta tare ni, ta ce, "Malam, so kake mu sake ɗauko wani bisa babur?" Washegari muka tafi.

Wata mata ce ta zo duba shi, mai sa barci, Hajiya ce dattijuwa. Ta tambayi ko ya ci wani abu tun dare, ta ja mana kunne sosai kada a ba shi ko kunu a ɓoye, don mai barcin nan in ya yi amai yana iya shaƙewa. Ban san lokacin da tambayar Baba ta fito daga bakina ba.

"Hajiya, wa ke auna iskar?"

Ba ta yi dariya ba. "Ni," in ji ta. Ta ce akwai abin murɗawa da take ƙarawa ko ragewa, idonta na kan numfashinshi da bugun zuciyarshi, kuma ba ta matsawa daga kanshi har a gama. Da an rufe iskar, jiki zai fitar da ita ta numfashi, ya farka. Ta ce zai iya yin rawar sanyi ko kuka ko tashin zuciya, kada mu ruɗe.

Kada mai karatu ya ɗauka na natsu. Wallahi kallonta nake ina neman babban yatsan. Mai saye ma ai gaya mashi ake an cika tiya. Amma na ce mata, tunda tana kanshi, ko za ta yi mashi kalma a kunne?

"Ai kafin in kifa wa kowa, sai na ce ya yi in mai yi ne. Yaro kuwa tare muke yi."

Ashe akwai mai tsayawa a kan mutum. A zamanin Baba ma akwai. Abin da ya roƙa ke nan, ba wanda ya gaya mashi.

Da Baba zai ga yau, ban ce zai yarda da na'urorin nan ba. Ina jin sai ya leƙa bayansu, ya tambayi wanda ya gyara su, kuma ban ga laifinshi ba. Zargin nan shi na gada, ba tiyarshi ba, ba gonarshi ba. Har gobe ina tambaya, sai dai yanzu ina tsayawa in ji amsa kafin in sa hula.

Ina bakin ƙofa ran nan, na kasa zama. Can na jiyo muryar Hajiya daga ciki. Ita ba ta san muna sakaya sunan ba, da na ainihi take kiran Abba, sunan da bakina bai taɓa faɗa ba.

"Lawal. Lawal, buɗe idonka, an gama."

Sai na ji ya amsa.