Irin Gero da Akwatin Malam Idi

A Cadawa na girma, a hannun kakata Hajjo. Ba ta da allo, ba ta da bulala, amma ba a motsi a ajinta. Lokacin sanyi, in an gama cin tuwo, sai ta tura kara cikin wuta mu zagaye ta don jin tatsuniya.

"Ga baƙuwa ta iso," in ji ta, "wa ke ba ta tabarma?" Mu ce mun shimfiɗa. Sai ta harare ni: "Kai maigidan, rufe bakin nan, ba da shi ake ji ba."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata tsohuwa mai ƙaramin rumbu. Shekarar gero ya yi kyau, rumbu ya cika, ga dammuna zube a waje. Maƙwabta suka danna nasu har baki, suka liƙe. Ita kuwa ta zauna tana ɗaga zangarniya ɗai-ɗai, tana fid da ta iri. Ta raba uku: kashi a rumbu, kashi a tulu da toka, kashi ta ɗauka a kai zuwa garin ƙanwarta. Gara ta bi rumbunan gari ta ƙasa, tulu kuma akuya ta ture shi. Da ruwa ya sauka, irin gidan ƙanwa gari duka ya shuka.

Na ce, "Kaka, ƙaƙa ta gane na iri?"

"Wanda in ya ɓace babu baɗi, shi ne iri. Sauran abinci ne."

Yanzu ina aiki a buron wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Agiye. Bara abokin aikina Malam Idi ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Ba a daɗe ba aka sanar da mu daga sama cewa na'urar da ke riƙe imel ɗinmu ta cika, za a rufe akwatinsa ƙarshen wata. A ciki akwai duk abin da aka daidaita kan wani burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki: amincewar kowane ɓangare da hotunan duwatsun iyaka. In suka tafi, damina na zuwa rigimar za ta dawo ɗanya.

Abin da nake da shi: kile ɗaya ƙarama ta ajiye bayanai, ordinater, wato kwamfuta, da ta tsufa a bakin aiki, da rezon intanet mai zuwa kamar baƙon da bai yi alkawari ba. Saƙonnin duka ba za su shiga ba. Sai na zauna ina ɗaga saƙo ɗai-ɗai. Na burtali na sauke a ordinater, na zuba a kile, na tura wa abokiyar aikinmu a Gazawa, na kira ta.

"Hajiya, buɗe ki gani. Kar ki ce mini ya iso kawai."

"Na buɗe, Malam. Ga duwatsunka nan."

Abin da ya saura shi ne mutumin kansa: gaisuwar Juma'a, hotunan sunan ɗiyarsa masu nauyi, tsokanar da yake mini yana kirana Farfesa. Ko ɗaya ba ya hana faɗa a gona, saboda haka ko ɗaya bai samu wuri ba. Burtali ya tsira. Ranar ƙarshe, bayan la'asar, na karanta sauran tun daga farko, ban tsallake ko "lafiya lau" ba. Sannan na yi masa addu'a, na kashe ordinater.