Furar Goggo da Zuma

A shekarun da harin mayaƙan Maraɗi ya kulle mu cikin ganuwar ƙauyenmu kusa da Karare, ciwo ya kama ni: ƙishirwa ba ta yankewa, ga ciwon sukari, tururuwa na bin fitsarina. Mai magani ya hana ni duk abin zaƙi.

To, a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba a mayar da abin dubiya. Kullum Goggo, yayar mahaifina, sai ta damo fura da zuma, ta tsare ni da ido.

"Sha, ɗan nan, dubi yadda ka rame!"

Wa ya isa ya ture ƙwaryar Goggo? Haka nake shanyewa, ƙafafuna na zugi, tana sa mini albarka. Su mahara, ko ba komai, ba sa jiran godiya.