Waƙar da Yaya Nasiru Yake Maimaitawa

Wata ranar Asabar da rana, a hunturun shekarar da hukumar gari ta rufe gidan matasa na unguwarmu a Moss Side, cikin Manchester, ina kicin ina yanka albasa, sai Mama ta ajiye muciya ta ɗaga kai sama. Daga ɗakin Yaya Nasiru gita na ta kuka, ganguna suna dukan bango, wani Bature mai busasshiyar murya yana rera waƙar da muka yi kwanaki muna ji. Shekaruna goma sha ɗaya, kuma ni ce tafintar gidan, ni nake raka Mama wajen GP, likitan unguwa. Turancinta yana isarta a kanti, amma ba ya kama waƙa. Ta ce, "Hauwa, me mutumin nan yake cewa da ba ya gajiya?"

Na kasa kunne, na juya mata yadda na ji: kin shiga jinina, da safe na rantse na rabu da ke, da yamma ga ni a ƙofarki, kina ɗauke min ciwo ki bar ni da wanda ya fi shi. A Turanci "kai" da "ke" kalma ɗaya ce, har abin da ba shi da rai ma da ita ake yi masa magana, ni kuwa "ke" ce ta zo min baki. Mama ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ta ce, "Ashe budurwa ce." Ranar har nama ta ƙara masa a miya.

Shekarar ta gajiyar da kowa a gidanmu. Baba akawu ne, an rage ma'aikata aka haɗa da shi, sai a Birmingham ya samu wani aikin; yakan dawo ƙarshen mako da jaka da jajayen idanu. Yaya Nasiru, mai shekara goma sha bakwai, ya goce a gwiwa wajen ƙwallo, ana ta ɗage ranar yi masa aiki, ana ba shi maganin rage zafi. Gidan matasan da yake koyon gita an garƙame shi, an lulluɓe tagogin da katako. Ni kuwa rayuwata ba ta wuce makaranta da Islamiyya da shanya safa a kan hitar ɗumama ɗaki ba, sai jan kwandon shara zuwa lungu, inda muke jifan gefen titi da ƙwallo ni da 'yan maƙwabta har yatsunmu su sandare. Duk inda nake a gidan, waƙar tana isowa gare ni. Baba bai taɓa tambayar ma'anarta ba. Daga ƙasan bene yake cewa, "Kashe min hayaniyar nan," sai a rage, sai a yi shiru a wajen cin abinci.

Da bazara ta shigo, na dawo daga makaranta na tarar da motar asibiti a ƙofarmu, Mama a tsaye ba takalmi. A banɗaki ta sami Yaya Nasiru kwance, leɓunansa sun canza launi. A asibiti ne muka ji cewa tun da likita ya daina rubuta masa maganin yake saye a hannun wasu samari. Ya farfaɗo, amma wurin da ake taimaka wa masu irin matsalarsa shi ma an rage masa ma'aikata, jira ya yi tsawo. Baba ya ɗauke shi zuwa ɗan gidan da yake zaune a Sparkhill, can Birmingham, don ya nisanta shi da samarin. Muka koma hawa bas duk Asabar, ni da Mama da kular tuwon semo a cinya.

A ɗaya daga cikin waɗannan ziyarori, ya raka ni sayen burodi a Stratford Road yana ɗingishi, na tambaye shi wace ce yarinyar da ke cikin waƙar. Ya ce, "Babu wata yarinya, Hauwa. Ƙwaya mutumin yake yi wa waƙa." Muka wuce shagon kayan miya, sannan ya ƙara, "Wani lokacin kuma in na ji, Baba nake gani." Da na faɗa wa Mama rabin farko a cikin bas, ta jingina kai da gilashi ta ce, "Ashe yaron nan gaya mana yake yi, har bango na rawa."

Bai warke lokaci ɗaya ba. Ya koma wa ƙwayar, ya sake fita, mun sha kuka mun gaji da kukan. Yau yana gyaran famfo a Handsworth, yana da mata da 'ya'ya, shi da Baba sukan sha shayi tare ba tare da doguwar hira ba. Ni kuma ɗana ya kai shekarun da Yaya yake a lokacin. Yana shiga yana fita da ƙananan abubuwan sauraro a kunne, gidana tsit, ban san waƙa ɗaya da yake ji ba. Wani lokacin nakan tsaya a ƙasan bene in kasa kunne. Hayaniyar da ta ishe mu a da, ita nake nema yanzu.