Yadda Aka Karɓe Makullin Mota Hannun Mijina

Mijina shofer ne. Lokacin da aka kawo ni Madawa daga Tamaske, yana tuƙa wa wani Alhaji babbar mota, yana kai albasa kudu har bakin teku. Alhajin nan shi ne babba a tashar albasa, kuma ba ya shawara da kowa. Sai ya zauna bisa buhu yana jan tasbaha, can ya ce, "Raina ya ba ni kaza," a yi hakan.

Yakan dace kuwa. Wata shekara kowa na gaggawar lodi, shi ya ce a mayar da tasa albasar rumbu. Aka rufe hanya a iyaka, albasar mutane ta ruɓe cikin motoci, tasa ta jira tsada. Tun daga nan ake cewa Allah ya ba shi abin da bai ba kowa ba. Shekarar da ya cika magaza, wato ɗakin ajiya, da waken garin Karofane ƙwari suka cinye, wannan ba a tada zancenta.

Wata safiya mijina ya fita ɗaukar kaya, sai ga shi da hantsi, riƙe da guzurin da na ɗaure masa. Ya zauna bakin ƙofa ya ce an karɓi makulli. Na tambaye shi ko karo ya yi, ko kaya sun ɓata. Ya ce babu ko ɗaya. Alhaji ya miƙa hannu ne kawai a gaban mutane, shi kuma ya ba shi.

Mijina ya hana ni zuwa, amma na ɗauki mayafi na je gidan Alhaji. Na durƙusa a zaure na ce, "Alhaji, na zo in ji laihin mai gidana, mu ba da haƙuri."

Ya ce, "Ɗiyata, bai yi mini komi ba. Ko allura ban taɓa rasawa hannunai ba."

"To mi ya kawo haka?"

"Na dube shi ne yana wanke mota, na ji raina bai kwanta ba. Ni kuwa ba ni ƙetare abin da raina ya gaya mini."

Ya sa aka auno mini gero. Na ɗauko, don akwai yara a gida, kuma har yau ina jin nauyin kwanon nan a kaina.

Da sata Alhaji ya ce mijina ya yi, da mun sami abin da za mu rantse a kai. Amma yaya mutum zai wanke kansa daga laifin da ba a faɗa ba? Duk mai motar da mijina ya je wa neman aiki sai ya yi masa fara'a, ya ce ya dawo bayan kasuwa. Bayan idonsa a ce, in har Alhaji ya sallame shi, akwai abin da ya hango. Ya gwada kabu-kabu da babur ɗin aro, mutumin da ya saba da doguwar hanya. Daga baya ya bi ƴan garinmu Aljeriya yana ɗaukar siminti. Yakan zo sallah, ba kowace ba, bayansa a sunkuye.

Alhaji kuwa motocinsa sai ƙaruwa suke.

Bara a gidan suna, wata mata da ba ta san ni ba tana ba da labarin baiwar Alhaji. Ta ce har wani shofer ya taɓa kora da kallo ɗaya, ashe Allah ne ya tsare Alhajin. Na ce, "Ya tsare shi daga mi?" Ta ce ita dai haka ta ji. Matan da suka san ni suka sunkuyar da kai cikin kwano. Na wanke hannuna, na nemo takalmina cikin tarin takalman bakin ƙofa.